Lodin Dawowa: Ɗan Kamasho, Kamfani, Ko Mai Kaya Da Kansa?

Mai tirela ɗaya a Kaduna ba ya cika rasa kayan da zai kai Kudu. Kaka na kamawa masara za ta cika Saminaka da Giwa da Soba, waken suya ya fito, citta ta taso daga Kaciya da Kwoi da Kagarko. Rani ya yi, tumatir da tattasai da albasa su karɓa. Gab da Babbar Sallah kuwa masu raguna ne za su riƙa bin ka da waya. Damuwa tana farawa ne ranar da aka sauke buhun ƙarshe a Mile 12 ta Legas ko Bodija ta Ibadan ko Anaca, aka share bodi, aka naɗe tamfol. Daga nan zuwa gida tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita, kuma da kaya ko babu, mota sai ta sha gas, taya sai ta ci, direba da yaron mota sai sun ci abinci, masu shinge sai sun miƙo hannu. Duk wanda ya daɗe a harkar zai gaya maka cewa kuɗin zuwa galibi ɗawainiyar tafiya yake rufewa, abin da za a kai wa iyali a lodin dawowa yake.

Da can mutum kan iya kawar da kai ya taho wayam, ya ce Allah ya kawo na gaba. Yanzu ba haka ba. Gas ba ya cikin man da gwamnati ke wa tallafi tun kafin a cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022, ya haura naira 1,000 kowace lita a 2023. Tun daga nan duk motar da ta hawo babu kaya, daga aljihun mai ita aka biya tafiyar.

Kafin ka zauna ciniki da kowa, ka san inda kake tsaye. Lokacin da kaya suka fi yawa a Arewa, lokacin ne motoci suka fi taruwa a Kudu, kowacce na neman abin da za ta ɗauko. Motoci sun fi lodi yawa. Masu kaya sun sani, 'yan kamasho sun fi kowa sani. Shi ya sa a tsakiyar kaka za a yi maka tayin da ba za ka ko saurara ba a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da taki ke hawowa daga Eleme da Lekki manoma na jira, ko gab da azumi da 'yan kasuwa ke rige-rigen sukari da fulawa. Lodin dawowa ba shi da tsayayyen farashi, da lokaci yake tafiya.

Hanya mafi tsufa, wadda har gobe akasarin masu mota ɗaya ke bi, ita ce ta ɗan kamasho. Ka sauke, ka gangara inda manyan motoci ke kwana, Ogere a kan titin Legas zuwa Ibadan, ko unguwar Sabo ta Shagamu, ko wajen Alaba Rago, ka gaisa da mutane, a rubuta lambar motarka, ka shiga layi. A nan gida ma haka tsarin yake a Mararraban Jos da Tafa. Ɗan kamasho ba shi da mota, ba shi da kaya, jarinsa waya da sanin mutane. Shi ya san wane Alhaji ne ya sayi gishiri yake neman mota, wane kanti ne a Kano ya yi odar tayil. Ya haɗa ku, ya karɓi la'adarsa, a yanka maka tikitin yuniyon, a ba ka kafin alƙalami ka zuba gas, ciko sai ka sauke.

Ana yawan zagin 'yan kamasho, amma ni ba na cikin masu cewa cima-zaune ne. Mai kaya ba zai ɗora dukiyar miliyoyi a kan motar mutumin da bai taɓa gani ba don kawai ya iya gaisuwa. Ɗan kamasho ne ke tsaya maka. In mota ta lalace a Makwa aka kwana biyu, shi ake kira, shi ke ba da haƙuri. In mai kaya ya so ya danne ciko, akwai ofishin yuniyon da shugabanni da za a kai wa ƙara, a zauna a raba gardama. Ga sauri, ga kuɗi a hannu. Mutumin da motarsa ke ciyar da gida biyu ko uku, kuma babu ajiya a banki, babu abin da ya kai masa waɗannan biyun.

Sai dai 'yan kamasho iri biyu ne, kuma da ido ba ka bambance su. Akwai wanda zai gaya maka abin da mai kaya ya biya, ya ce la'adarsa kaza ce, ya sa ku yi magana da mai kayan a waya. Wannan ka riƙe shi hannu bibbiyu. Akwai kuma wanda sayen lodin ya yi zai sayar maka: ya karɓa a wani farashi, ya ba ka ƙasa da shi, bambancin nasa ne, sannan ya sake cire la'ada a cikin abin da ya rage. Sau da yawa ma ba shi ne na farko ba. Lodi ya fito daga bakin ma'aikacin sito, ya faɗa hannun wani a Apapa, wannan ya kira abokinsa a Ogere, kowa ya gutsura kafin ya iso gare ka. Gane wannan ba wuya: ka nemi lambar mai kaya. In aka fara kame-kame, yana mitin, ba ya son a dame shi, to akwai hannuwa a tsakani. Ba lallai ka ƙi lodin ba, amma ka san akwai sarari a farashin, kada ka yi saurin sallamawa.

Sannan irin kayan. Lodin tasha galibi haɗe-haɗe ne, na mutum uku ko huɗu, a ajiye wasu a Suleja, wasu a Kaduna, a ce ka ɗan ƙarasa Zariya da ragowar. Kowane wurin sauke rabin wuni ne, wani lokaci wuni guda. A nan ne kuma aka fi danna wa mota kayan da suka wuce ƙarfinta. Tan 30 buhu 600 ne mai kilo 50. Za a ce maka 600, ana cikin lodi ka ga ana ta shigo da "ɗan saƙo". Abin da za a ƙara maka a kan saƙon ba zai sayi taya ɗaya ba, balle sifirin. Masu hankali kan tsayar da yaron mota a bakin bodi da alli a hannu, duk buhu goma ya ja layi a jikin ƙarfe, layi na cika 60 a ɗaga marfi. Wanda ya tafi shan shayi ya bar 'yan dako da ɗan kamasho, sai a hawan tudu zai ji abin da aka ɗora masa.

Lodin kamfani wata duniya ce. Siminti daga Obajana ga wanda ya biyo ta Lakwaja, fulawa da sukari da gishiri daga masana'antun Apapa, taki, lemo da sauran kayan kwali. Manyan kamfanoni ba kasafai suke ƙulla yarjejeniya da mai mota ɗaya ba. Wasu suna da motocinsu, sauran aikin kuma suna ba kamfanonin sufuri masu rajista da inshorar kaya, su kuma su nemi irinka ka shiga ƙarƙashinsu. Ko kuma dila ya sayi kaya ya ɗauki hayar mota da kansa. Abin da ake samu a nan tsabtar aiki ce. Mota ta hau sikeli wayam, ta sake hawa da kaya, nauyi a rubuce. Takarda ɗaya, wurin sauke ɗaya. In jami'i ya tsayar da kai ka miƙa masa webil, wato takardar kayan, mai hatimi, babu doguwar magana. Ba ka kwana da fargabar ko an cusa maka wani abin da doka ta hana a ƙarƙashin buhu.

Amma abin da ka samu a tsabta da lokaci za ka biya shi. Layin shiga masana'anta na iya cin kwanaki, ba kuma wanda zai biya ka zaman. Farashi a yanke yake, babu tayi babu albarka. Mafi ciwo shi ne ciko. Sai ka sauke, mai karɓa ya sa hannu, an mayar da takarda ofis, an duba, sannan a sa ka a jerin biya, abin da kan ɗauki makonni. Kafin kuɗin su fito an zabge na buhun da ya fashe da wanda ruwa ya taɓa, wani wurin har da haraji. Ga sharuɗɗa: cikakkun takardun mota, taya mai kyau, tamfol marar huji, wasu har da na'urar bin sawun mota. Sharuɗɗan ba laifi ba ne, amfaninka ne ma. Sai dai mutumin da ke buƙatar cikon yau don ya zuba gas ɗin tafiyar jibi ba zai iya rayuwa da kuɗin wata mai zuwa ba. Lodin kamfani na mai ƙarfin yin tafiya biyu ko uku da kuɗin aljihunsa ne.

Kwantena kuwa kusan sana'a ce daban. Tana buƙatar mota mai shimfiɗaɗɗen baya da makullan da ke riƙe ta, kuma tun watan Fabrairun 2021 shiga tashoshin Apapa da Tin Can sai ta tsarin Eto na hukumar tashoshin jiragen ruwa, wato a yi wa mota rajista a intanet, ta jira a wurin da aka ware har a kira ta. A nan lissafin juyewa yake. Hawowa Arewa ita ce babbar tafiya, komawa ita ce abin nema, domin kwantenar ta kamfanin jirgi ce, dole a mayar da ita, kuma duk kwanan da ta ƙara bayan wa'adi akwai tara. Wanda ya samu aka ba da izini ya koma da kayan fitarwa waje, citta ko riɗi ko zoɓo, shi ne ya ci riba biyu. Tashar tsandauri ta Kakuri, wato tashar kwantena ta kan tudu a Kaduna, da aka buɗe a watan Janairun 2018 don irin wannan aka yi ta, kuma ya kamata mai irin wannan mota ya san ejan-ejan da ke hulɗa da ita. A tuna dai 2023, shekarar da cuta ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna. Wanda ya jingina motarsa da kaya iri ɗaya ya ji jiki a shekarar. Mai bodin dakon hatsi kuwa, wannan ba hanyarsa ba ce.

Sai waya. Yanzu zaurukan WhatsApp na direbobi da masu kaya ba sa ƙirguwa, ga kuma kamfanonin manhaja masu haɗa mai kaya da mai mota ta waya. Babban amfanin zaure, a ganina, sanin farashi ne kafin samun lodi. Kana Ilori ba ka kai Legas ba, ka riga ka ji abin da aka biya motar da ta taso jiya. Wannan kaɗai ya isa ya canza yadda za ka zauna da ɗan kamasho. Amma saƙon da ka gani, "ana neman tirela Legas zuwa Kaduna da gaggawa", mai yiwuwa ya ratsa zaure da yawa kafin ya zo naku, wanda ya turo shi ma bai san mai kayan ba. A nan ne kuma 'yan damfara suka fi yawa. Duk wanda ya ce ka turo wani abu a riƙe maka lodi, ka kashe wayarka. Mai mota ake ba kafin alƙalami, ba shi ke bayarwa ba. Haka wanda zai ce a yi lodi da dare a wani lungu, babu rasidi, babu sunan kamfani. In kayan sata ne ko na fasa-ƙwauri, motarka ce za ta kwana a hannun hukuma, shi kuma layinsa a kashe. Kamfanin manhaja shi ma dillali ne, sai dai mai ofis, kuma tambayar da za ka yi masa ita ce wadda za ka yi wa kowa: nawa ne a hannu, ciko yaushe.

Akwai hanyar da na fi so masu mota su ba ƙarfi, kuma ita aka fi sakaci da ita. Mai kayan dawowa ba a Legas yake ba, a Kaduna yake. Mutumin da ya yi odar tayil da rodi da kwanon rufi yana zaune a shagonsa a nan. Dilan fulawa da gishiri yana Kasuwar Gumi ko Kasuwar Bacci, mai kayan ƙarfe da na gyaran mota yana Panteka, ga masu gidajen kaji, ga masana'antun Kakuri da Kudenda, ga Zariya, ga Singa da Kwari a Kano. Su ne ke biyan kuɗin mota, su ne kuma ke kukan tsadarta, alhali abin da ke isa hannun mai mota bai kai abin da suka fitar ba. In ka je ka same shi kafin ka tashi, ka ce, "Alhaji, ran Talata zan sauke a Legas in Allah ya so, in akwai kaya ina tafe," kun cire hannuwan tsakani, shi ya samu sauƙi, kai ka ƙaru. Abin da ya fi wannan ma, ka bar Kaduna kana sane da ranar dawowarka.

Ba zan ɓoye wahalarta ba. Kayan ɗan kasuwa ba ruwansu da ranar da ka sauke, wani lokaci sai ka jira a gama haɗa su. Amana ba ta ginuwa a tafiya ɗaya, kuma ranar da ya kira ka kana Fatakwal zai nemi wata mota, mai yiwuwa ya zauna da ita. Maganin wannan ku haɗa kai ku uku ko huɗu masu mota, wanda ke kusa ya ɗauka, kwastoman ya zama naku duka. Sai kuma kunya. Sabo na sa a ce "bari a sayar tukuna", kai kuma ka kasa buɗe baki don masallacinku ɗaya. A yi maganar kuɗi ƙarara tun ranar farko, ta fi a yi ta bayan rai ya ɓaci. Kuma in kaya suka lalace babu ɗan kamashon da zai shiga tsakani, daga kai sai shi, saboda haka a nan inshorar kayan da ke kan hanya ta fi zama dole. Abu ɗaya zan roƙa: in ɗan kamasho ne ya fara haɗa ka da mai kaya, kada ka zagaye shi a tafiya ta biyu ka hana shi haƙƙinsa. Ba daidai ba ne, labari kuma na zaga tasha, ranar da za ka buƙace su tana nan tafe.

Akwai lokacin da dawowa wayam ita ce daidai. A tsakiyar kakar tumatir, ko makonni biyun da ke gaban Babbar Sallah, kuɗin zuwa kan yi tsadar da zaman kwana huɗu a Kudu ya fi gas ɗin dawowa asara. Wasu kan raba tafiyar, su taso wayam zuwa Ibadan ko Ilori ko Lakwaja su ɗauki abin da ya samu. Masu ɗan jari kan sayi nasu kayan, gishiri ko manja ko garin kwaki ko katako, su ɗora. Wannan ya tashi daga sufuri ya koma fatauci, kada ka shige shi sai kana da mai saye a ƙasa kafin a ɗora buhun farko.

To da wane ma'auni za a zaɓa? Yawancinmu jimillar kuɗi muke kallo, wanda ya fi yawa shi ne mai kyau. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne abin da ya rage a kowane kwana da mota ta yi. Ga misali, alƙaluman ƙaddarawa ne kawai, kowa ya sa nasa. A ce ɗawainiyar hawowa, gas da kuɗin hanya da na direba, naira 700,000 ce. An yi maka tayin 1,000,000, lodi yau, nan da kwana 3 ka sauke a Kaduna. Ragowa 300,000, wato 100,000 a kwana. Wani kuma ya ce 1,200,000, amma sai bayan kwana 4. Zaman jira, abinci da kuɗin fakin da na mai gadi, a ce 15,000 a kwana, 60,000 ke nan. Ragowa 440,000 a kwana 7, bai kai 63,000 a kwana ba. Tayin da ya fi ƙanƙanta a ido shi ya fi riba. In kuma mai yawan kuɗin sai bayan wata zai biya ciko, tazarar ta ƙara faɗi.

Wannan lissafi yana aiki ne in akwai lodi na jiran ka a gida. A tsakiyar damina, rumbuna sun yi ƙasa, motoci na jere a Mararraba ba aiki, saurin dawowa ba ya ƙara maka komai. A lokacin kwanan mota ya yi araha, ka jira ka ɗauki mai tsoka. Amsar da ta yi daidai a Disamba ba ita ce ta Agusta ba.

A wurin ciniki, kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da "nawa za a biya?" Farashi tambayar ƙarshe ce. Ga yadda gogaggen direba ke yi da dattijon ɗan kamasho:

"Baba, kayan mene ne?"

"Tayil ne, ɗana. Tan 30, Kaduna."

"Wuri ɗaya za a sauke?"

"E to, akwai ɗan kaɗan na Suleja."

"Wuri biyu ke nan. 'Yan dako wa zai biya, can da nan? In an buɗe kwali aka samu fasasshe, a kan wa?"

"Kai dai ka cika tambaya. Ai ko banza gida za ka."

"Gaskiya ne, Baba, gida za ni. Amma da tayil a baya ba gudu, ba faɗawa rami, shan gas ma ba ɗaya ba ne. A ƙara wani abu, a ba ni abin da zai kai ni Kaduna a hannu, in kuma aka wuce kwana biyu ba a sauke ni ba, a biya kuɗin kwana."

Bai ɗaga murya ba, bai ce ana cutarsa ba, bai kuma faɗi kwana nawa ya yi yana jira ba. Wannan na ƙarshe a kiyaye shi, don da zarar an san aljihunka ya bushe farashi ya faɗi. Shi ya sa ake fara buga waya tun ana hanyar zuwa, kuma a kira mutum biyu ko uku, kada a dogara da ɗaya.

"Ko banza gida za ka" ita ce babban makamin dillali, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, tunda motar za ta sha gas ko wayam ce. Saboda haka ka riƙe iyaka biyu a ka. Ta ƙasa ita ce abin da lodin zai ƙara maka: ƙarin gas, cin taya, kwanakin lodi da sauke, da haɗarin ɗaukar dukiyar mutane. Duk tayin da bai rufe wannan ba, wayam ta fi shi. Ta sama ita ce kason dawowa a cikin kuɗin zuwa da dawowa gaba ɗaya, har da abin da kake warewa na gyara da taya da sabunta takardu. Kana iya sauka ƙasa da ta sama sau ɗaya sau biyu in kasuwa ta matse. In ya zama ɗabi'a, motar kake cinyewa a hankali, ranar da bakanike ya ce a sauke inji babu abin yi.

A kuma faɗi hanya tun a wurin ciniki. Daga Legas ana biyowa ta Ilori da Jabba da Makwa, daga nan ko a miƙe ta Tegina da Birnin Gwari, ko a karkata ta Bida da Lambata a fito wajen Suleja. Ana kuma biyowa ta Akure da Okene da Lakwaja. Tsawonsu ba ɗaya ba, lalacewarsu ba ɗaya ba, yawan shinge da masu karɓar haraji ba ɗaya ba, kuma duk ɗan Kaduna ya san shekarun da hanyar Birnin Gwari ta yi tana cin rayuka. In mai kaya na son gajeriyar hanya da tafiyar dare don ya rage kuɗi, a gaya masa a fili cewa ran direba da na yaronsa ba ya cikin cinikin.

In aka ce in zaɓa wa mutum, zan fara tambayar aljihunsa. Wanda ya fara, ko wanda motarsa ta bashi ce yana biya wata-wata, ya zauna da ɗan kamasho, amma ya tace guda biyu masu faɗin gaskiyar farashi ya riƙe su, zaurukan waya kuma ya bar su a matsayin wurin jin kasuwa. Duk zaman da zai yi a Kaduna tsakanin tafiya da tafiya, ya taka kasuwa ya nemi ɗan kasuwa ɗaya, ɗaya tak, da zai fara ba shi kaya. Wanda ke da ajiyar da za ta ɗauki tafiya biyu ko uku, motarsa kuma lafiyayya ce, ya shigar da ita lodin kamfani, musamman a watannin da tasha ta yi sanyi. Wanda ya riga ya samu 'yan kasuwa biyu ko uku kuwa, kada wani tayi mai tsoka na rana ɗaya ya sa ya bar kayansu a ƙasa.

Ko wacce aka bi, a rubuta. Ba sai an je wurin lauya ba. Saƙon waya ɗaya ya isa, mai ɗauke da irin kaya, nauyi, wurin sauke, jimillar kuɗi, abin da aka bayar, abin da ya rage da sunan wanda zai biya shi, a tura wa mai kaya da ɗan kamasho su amsa. A ƙirga kaya a gaban mai su, a ɗauki hoto kafin a ja tamfol, in kwantena ce a rubuta lambar hatimi. Sunan mai biyan ciko shi aka fi mantawa, kuma a kansa aka fi rigima: ka iso Kaduna mai karɓa ya ce shi ba a gaya masa ba, ka kira Legas a ce ai can za a ba ka. Saboda haka tun kana Tafa ka kira mai karɓa, ka ji daga bakinsa cewa kuɗin na hannunsa. In lodin tasha ne, ba ku kuma taɓa hulɗa ba, ka nemi a biya kafin a kwance igiya, ko aƙalla kafin a sauke rabin ƙarshe.